Damin Kaji

A lokacin kaka Maharazu ya iso ƙauyensu, can gefen Maska, furfura ta cinye masa gemu, ƙafarsa cikin takalmin da ba a taɓa ganin irinsa a wannan ƙasa ba. Yana yaro mahara suka ɗauke shi a gona yana korar tsuntsaye. Aka yi ta sayar da shi har bakin teku. Jirgin Ingilishi ya ƙwace jirgin bayin da yake ciki, aka sauke su a Saliyo, a nan ya yi karatu, ya zama tafinta.

Malaminsa na can, wani Bature mai yawan tari, ba ya barin kalma sai ya tono saiwarta. Shi ya koya masa cewa kalmomin Ingilishi masu farawa da "malti" daga Latin suka fito, harshen Rumawan dā, kuma ma'anarsa yawa. "Maltitud" taron jama'a ne. "Maltiflai" kuwa yawa ne aka haɗa da wata kalma mai nufin ninkawa, wato abu ya ninku, ya hayayyafa. Sauran yara haddacewa suka yi. Maharazu kuwa kuka ya yi, don shi da ya ji "maltitud" ba abin da ya gani sai gayya a gonar ubansa: kalangu na tashi, fartanya na walƙiya, yayyensa maza a jere, uwarsa tafe da ƙwaryar fura. Wannan kalma ya riƙa tattali a ƙirjinsa har ya tsufa. Ita ta hawo da shi kogin Kwara cikin jirgin hayaƙi, ita ta sa shi bin fatake daga Lakwaja har Zariya.

Sai ga shi a kufai. Tsamiyar ƙofar gida kaɗai ta jira shi.

Aka nuna masa wani gida a gaba. Wai akwai tsohuwa Adama, makauniya, ita ce ta rage daga wancan gidan. Ya same ta a masussuka, zaune kan tabarma, jikanta Ɗanasabe, ƙato mai iyali, yana ɗaure dawa. Ya yi sallama.

"Yaya, ni ne. Maharazu."

Tsohuwar ta karkata kai. "Bawan Allah, wace irin Hausa ce wannan, kamar ana tauna tsakuwa? Ƙanena ya mutu. Mun yi masa sadaka tun ina budurwa."

Ɗanasabe ya dube shi sama da ƙasa. "Iya, ki ga takalminsa, sai ka ce kofaton jaki. Malam, in gona kake nema ka faɗa. Bara ma wani ya zo, wai shi kawunmu ne, ya ci tuwo ya gudu da akuya."

Maharazu ya faɗi sunan ubansu, ya faɗi na uwarsu, ya kwatanta rijiyar bayan gida. Adama ta ce wannan ko ɗan koli ya sani. Ya ƙetare teku, ya bar kabarin matarsa a ƙasar da ba tasa ba, ashe a bakin tabarmar 'yar'uwarsa zai rasa gida. In ta ce ba ta san shi ba, to ba mai saninsa a doron ƙasa.

Can tsohuwar ta ce, "Duk ɗan gidanmu ya iya ɗaurin dami irin na Baba. Ɗanasabe, ba shi igiya."

Ya durƙusa. Hannun da ya saba da alƙalami ya tara zangarniyar dawa, kai da kai. Ya tuna ubansu yana take dami da gwiwa, ya take. Ya zagaya igiyar rama, ya murɗa, ya cusa bakinta. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana addu'a a ransa. Adama ta miƙo hannu ta laluba ƙullin, ta daɗe a kai.

"Ɗaga," in ji ta.

Ɗanasabe ya cicciɓa damin. Bai kai kafaɗa ba igiyar ta zame, dawa ta watse ko'ina. Kaji suka rugo daga gindin rumbu. Ɗanasabe ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Maharazu ya sunkuyar da kai. Shi ke nan. Ya fara neman sandarsa.

"Damin kaji," tsohuwar ta ce a hankali. "Bahago! Hagu ka murɗa, ka cusa ta ƙasa. Sau nawa Baba ya ja maka kunne? Ya ce kai dai kaji kake wa noma." Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu. "Maharazu, ɗan banza, ina ka shige?"

Dariyar Ɗanasabe ta ɗauke. Ya tuɓe hula ya tsuguna.

Sun daɗe suna kuka. Da ya samu murya sai ya shiga tambayar 'yan gidansu. Ina Ummaru? Yaƙi. Ina Rabi'atu? Haihuwa. Sauran fa? Agana ta share su a damina ɗaya. Inna kuwa kullum sai ta ajiye masa tuwo a akushi, da safe ta ba kaji, har ranar da ta kwanta dama.

"Na zo da wata kalma, Yaya," ya ce. "Ta Nasara. Tana nufin taro mai yawa. Da ita nake kiran gidanmu."

"Yaya take?"

Ya faɗa mata. Ta gwada, harshenta ya ƙi, ta girgiza kai.

"Ba ta da wurin zama a nan. Mu biyu ne." Ta ja hannunsa zuwa ƙasa, inda dawa ta zube. "Kore kajin nan, ka tsince. A ciki za a fid da iri."

Ya durƙusa kusa da ita, suka shiga tsinta, ita da lalube, shi da hagu.