'Yar Tsanar da Na Ƙi Miƙawa

Da hannuna na haɗa jaririyar. Aikina ke nan a kamfanin shirye-shiryen talabijin: duk abin da ɗan wasa zai ɗauka, ko ya ci, ko ya ɓoye a gaban kyamara, daga wurina yake fitowa. Na sayo 'yar tsana, na farke cikinta na ɗura shinkafa don ta yi nauyi ta riƙa langaɓewa kamar ta gaske, sannan na sa mata hular ulun da ɗana Reece ya sa ranar da muka baro asibiti. Duk wanda ya gan ta a kafaɗata sai ya rage murya.

Shirin da muke farfaɗowa kuwa babu gidan da bai san shi ba a garinmu Salford. Wasan barkwanci ne na gidan yari: fursunoni biyu a ɗaki ɗaya, da gandiroba mai gashin baki da kullum suke yi wa wayo. Kakana ya kalla, babana ya haddace, har yau duk Kirsimeti sai an maimaita. Barry Ogden, wanda ya fito a siririn yaron cikin fursunonin biyu a tsohon shirin, yanzu ya haura saba'in, shi aka dawo da shi a matsayin tsohon fursunan da ya ga jiya ya ga yau.

Ni ba ni da faɗa da dariya. Mijina Dale yana cikin shekararsa ta huɗu a gidan yari saboda dambe a ƙofar mashaya. Ya yi laifinsa, yana biya. Shi da kansa ya ce mini duk ranar da aka sa tsohon shirin a can, har gandirobobi sukan tsaya bakin ƙofa suna ƙyalƙyata. Da na gaya masa na samu aikin, cewa ya yi, "Ki ce musu dankalinmu bai kai nasu kyau ba."

Matsalar a kashi na huɗu ta ɓullo, wanda aka yi kan ranar ziyara. Matar fursuna ta shigo da jaririya, waya ta yi ƙara a cikin kunzugun, gandiroba ya buɗe hanci ya daka tsawa: "A kwance kunzugun!" Daga nan duk yaron da aka shigo da shi sai gandiroban ya maimaita. Ranar da aka karanta wasan, marubuta har da buga tebur. Piers, furodusanmu, ya ce wannan ita ce kalmar da ƙasa za ta ɗauka, har yana zancen buga ta a jikin kofuna da riguna.

Reece yana da shekara biyu lokacin da na fara kai shi wurin babansa. A kan wani tebur mai sanyi aka sa na kwance masa, wata ma'aikaciya da safar roba tana kallo, aka ba ni nasu kunzugun na ɗaura masa. Bai daina ihu ba har lokacin ziyara ya ƙare. Yanzu shekararsa shida, amma ko direban bas ya gani sanye da yunifom sai ya ware hannuwa ya tsaya a caje shi. Kuma duk ajinsu sun san inda babansa yake, wata uwa ta riga ta yi mana wannan hidimar a bakin ƙofar makaranta. Na san filin wasan nan. Abin da talabijin ta faɗa ranar Juma'a, shi yara ke rerawa ranar Litinin, kuma sai sun nemi wanda za su rera wa.

Na sami Piers a ofis. Mutum ne mai ladabi, har shayi ya haɗa mini.

"Kayleigh, na ji ki, kuma na tausaya. Amma gandiroban muke yi wa dariya, ba yaron ba."

"Gandiroban ba ya zuwa makarantar su Reece, yallaɓai."

"Za mu sa lambar waya a ƙarshen shiri, don iyalan da abin ya shafa."

"Ɗan shekara shida ne zai buga?"

Ya yi murmushi, ya ce tsohon shirin ma bai taɓa jin tsoron taɓa inda ke ciwo ba, shi ya sa ya daɗe. Na ce tsohon shirin manya yake taɓawa. Ya ce zai yi tunani. Washegari takardar aiki ta fito, fitowar kunzugun tana nan, ita ce ta ƙarshe a ɗaukar ranar Juma'a.

Surukata Maureen, wadda ke riƙe mini Reece idan ina aiki, ba ta ɓoye nata ra'ayin ba.

"'Yar nan, ki miƙa musu 'yar tsanarsu ki dawo gida. Namiji ɗaya a kulle ya ishe mu, kada ki kulle mana tukunya kuma."

"Mama, idan suka zagaye shi suna jan wandonsa fa?"

"Ki kashe talabijin."

"Ta gidan kowa zan kashe?"

Ta yi ta goge faranti ɗaya har ya kusa hujewa.

Irin wannan shiri a gaban 'yan kallo ake ɗaukarsa, mutum ɗari uku a kan kujeru, dariyarsu ce ake ji a gida. Kuma akwai dokar da ta girmi kowa a ginin: ƙarfe goma masu lantarki ke kashe fitilu. Yarjejeniyar ƙungiyarsu ce. Ko sarauniya ce ke tsakiyar magana, goma ta yi an gama. A daren nan kafintoci ke rushe ɗakin wasan, don da safe wurin na wani shiri ne.

Ban shirya komai ba, gaskiya. Barry ne ya yi ta manta maganarsa a fitowar kicin, aka yi ta maimaitawa, shi kuma yana juyowa wurin 'yan kallo yana cewa, "Ku yi haƙuri da tsoho, haƙorana ne suka riga ni fita." Suna ta dariya, lokaci na tafiya. Sanda aka turo teburan ɗakin ziyara, abin da ya rage bai fi a sha shayi ba.

Gaz, mai kula da filin ɗaukar shiri, wanda muka yi makaranta tare, ya ɗaga mini hannu.

"Uwar 'ya, kawo ta. Ɗauka ɗaya za mu yi, babu ta biyu."

Na shiga cikin hasken da jaririyar a kafaɗa, wayar na cikin kunzugunta inda na ɗinke ta. 'Yar wasan da za ta fito a uwa ta miƙo hannu. Na kalli hular ulun. Hannuna ya ƙi.

"Kayleigh," in ji Gaz ƙasa-ƙasa, "miƙa mata."

"Ba zan miƙa ba."

"Ke, wasa kike? Piers na cikin na'urar kunnena yana zagin kakata."

"Ka gaishe shi."

"Ina ta biyun? Kullum kina ajiye ta biyu."

"Tana gida, Reece na barci da ita."

Gaz ya dafe kai. Tez, mai nishaɗantar da 'yan kallo tsakanin ɗauka da ɗauka, ya hango akwai matsala, ya taho da makirufo yana rangaji.

"Jama'a, ga wata ta ƙi ba da ajiya. Ƙanwata, kuɗin reno ne ba a biya ki ba? Wane ne uban, mu kama shi? Barry, kai ne?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Sun ɗauka cikin wasan ne. Ya kawo makirufon bakina yana jiran in mayar masa da raha, ni kuwa ban iya raha a tsaye ba.

Na ce, "Uban yana gidan yari, na gaske. Gobe da safe zan kai masa ɗansa. Abin da za a nuna muku yanzu an yi wa ɗana shi a kan tebur, kuma idan kuka yi dariya, ranar Litinin yara za su yi masa a makaranta. Shi ke nan abin da zan ce."

Wasu suka ci gaba da dariya kaɗan, sannan ta mutu. Wani daga baya ya ce, "Haba, a bar mu mu ga wasa mana." Wata mata ta ce masa ya rufe baki. Tez ya janye makirufonsa kamar ya taɓa murhu.

Piers ya sauko da kansa, da mai gadi a bayansa. Fuskarsa ta yi ja, amma muryarsa na nan da ladabinta.

"Kayan kamfani ne a hannunki."

"Hular tawa ce."

"Kin san abin da wannan ke nufi ga aikinki."

"Na sani tun kafin in shigo haske."

Ya dubi mai gadin. Mai gadin ya dubi jaririyar, ya dubi mutum ɗari uku da rabinsu sun ɗaga waya, ya mayar da hannuwansa baya. Daga kujerun babu mai iya cewa shinkafa ce. Babu kuma namijin da zai fizge jariri daga ƙirjin mace a gaban jama'a, ko da ya san na roba ne. Ni kuwa na ci gaba da jijjiga ta, ba don kowa ba, jikina ne ya saba.

Piers ya juya. "A naɗe matashin kujera a tawul. Yanzu."

Yaran aiki biyu suka ruga. Aka kawo matashi, aka rasa tawul, aka samo rigar wani, wayar kuma da za ta yi ƙara tana jikina. Barry yana zaune a teburin ziyara da kayan fursuna, ya kalli dunƙulen da aka ɗora wa 'yar wasan, ya ce, "Wannan ɗan kama da furodusa yake." Ba don ni ya faɗa ba, bakinsa ne ba ya iya barin dama ta wuce. Amma dariyar ta ci lokaci. Gaz ya fara ƙirga, gandiroba ya gyara gashin bakinsa, ya buɗe hanci.

Fitilun sama suka mutu layi-layi. Daga can saman wani ya ce, "Sai da safe, jama'a."

Ranar Litinin takardar sallama ta iso. Ba su zage ni ba, sun ce ba za su sake buƙatar hidimata ba, kuma a wannan sana'a magana tana riga mutum isa ko'ina. An yi zancen sake gina ɗakin don fitowa ɗaya, aka ga tsadar, ita kuma 'yar wasan ta wuce wani aiki a Leeds. Bidiyon wayoyin mutane ya ɗan zagaya, wasu suka ce jaruma ce ni, wasu suka ce irina ne suka kashe barkwanci a ƙasar nan. Ban amsa wa kowa ba. Yanzu ina ɗinka labule a wani shago a Eccles, Maureen kuma ba ta fasa tuna mini ba duk ranar da kuɗin wuta ya zo.

A lokacin kaka aka nuna kashi na huɗu. Mun kalla mu uku a kujera ɗaya. An cike gurbin da fitowar kicin, inda Barry ke ɗaga faranti yana tambaya, "Wa ya cinye mini dankali?" Na yi dariya har da hawaye, don abin dariya ne.

Litinin na raka Reece har ƙofar makaranta, na ƙi tafiya. Na tsaya jikin shingen ina saurare. Filin ya cika da ihu, yara na bin juna da akwatunan abinci a sama. Can na hango shi a tsakiyarsu, jakarsa ta zame daga kafaɗa ɗaya, ya buɗe baki iya ƙarfinsa yana tambayar wa ya cinye masa dankali.