Sunan da Maxine Ta Ciro

Maxine ta kashe mota a gaban zauren coci, ta cire ɗan bajon ƙungiyarsu na zinariya daga ƙirjinta ta jefa a jaka. Shekara arba'in da ɗaya tana maƙala shi. Yau ta zo mayarwa.

Kakarta da wasu mata shida ne suka kafa wannan ƙungiya ta 'yan'uwa mata a ɗan garinsu na jihar Indiya­na, shekarar da masana'antu suka rufe. Suna ɗinka wa jariran asibiti riguna, suna kai miya gidajen marasa lafiya. Har yau aikin ke nan, sai shan shayi da gulma da aka ƙara. Kowace Janairu kuma ana zuba sunaye a hula, kowacce ta ciri ɗaya. Wadda ta ciro ita za ta riƙa aika wa 'yan kyaututtuka a ɓoye har shekara ta zagayo, a walimar Disamba a tona.

Bana Maxine ta ciro Doreen, mace mai baki kamar reza. Bayan mako biyu mijin Maxine ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, rayuwarta ta koma tsakanin gida da asibiti. Ko kati ɗaya ba ta aika ba. Jiya ta tsinci takardar sunan a aljihun rigar sanyi, kunya ta hana ta cin abinci. Yau a gaban mata ashirin za a tambayi Doreen abin da ta samu, ta ce babu.

Bayan an ci kaza da dankali, shugaba Arlene ta buga cokali a kofi. "Doreen, ke za ki fara, tunda ba kya iya jira."

Doreen ta miƙe, ta gyara wani jan mayafi a wuyanta. "Tawa dai ta fi taku. Wannan mayafi a Fabrairu. Turare ranar haihuwata. Kwalbar zuma, safar hannu, har da littafin girki, wai ko zan koya da tsufa."

Aka yi dariya. Maxine ta duba hagu da dama, ta ɗauka an sami kuskure a hula.

"Wa kike zato?" in ji Arlene.

"Ba zato nake ba. Maxine, tashi mana, ko sai an ɗaga ki?"

Maxine ta tashi, ana tafa mata.

Daga baya Maxine ta sami Doreen a kicin tana wanke kofuna. "Doreen, ni ban aiko miki da komai ba."

"Na sani. Da na ga Janairu ta wuce shiru, na ce wace ce a cikinmu ba ta da lokacin kanta? Ke ce. Sai na riƙa saya wa kaina ina zuwa taro da su, kada tsofaffin nan su fara ƙirga wadda ba ta yi ba."

Hawaye suka zubo wa Maxine. Ba ta taɓa jin godiya ta cika mata ƙirji haka ba, sai kawai ta rungume Doreen.

"Kada ki jiƙa min mayafi," in ji Doreen. "Ina bajonki?"

"Yana jaka."

"Maƙala shi, ki ɗauki tawul ki goge kofunan nan. Kuma baɗi in kin sake ciro ni, ban son ja. Ban san me ya sa kika zaɓo shi ba."