Tauraruwar da Ta Biyo Kyari Gida

A Fagge in ana zancen ido, sunan Kyari ake fara kira, kuma shi ma ya san haka, bai taɓa yin kawaici a kai ba. Agana ta shiga gidansu a Rijiyar Lemo yana yaro, ta kwashe 'yan'uwansa, ta bar masa rami-rami a fuska, amma ido ko kusa da shi ba ta je ba. Ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku a sojan Ingila, ya dawo da ƙafarsa. Rikicin da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari aka sare shi a kafaɗa, ya ɗaure da rawaninsa ya tako gida, har ya tsaya a hanya ya sayi goro. Wanda bai ji waɗannan daga bakinsa ba, to bai taɓa zama kusa da shi ba ne.

Gadin siton gyaɗa yake yi, amma ba da wannan aka san shi ba. Ganin wata shi ne sarautarsa. Ran ashirin da tara, da rana ta faɗi, sai ya hau soron Malam Sammani, limamin unguwa, jama'a na ƙasa sun ɗaga kai. In ya ce ga shi can, liman ya kama hannunsa sai gaban alƙali, a rantsar da shi, gari ya ɗauki azumi ko ya sauke. Tunda yake bai taɓa shaidar da aka wayi gari ta zama ƙarya ba.

Yana da aboki a Sabon Gari, Ambrose mai hoto, wanda suka sha ruwan sama tare a dajin Bama. Ambrose na kiransa Saje, ko da yake igiya biyu ya samu a soja, shi kuwa Kyari na kiransa Mai Ido Huɗu saboda tabarau. A bayan shagonsa Ambrose ya kafa wani dogon bututu a kan ƙafar ƙarfe, ya saka masa madubin da ya saya a gwanjon kayan sojan sama. Da shi yake leƙen taurari. Akwai wata ja da ya ƙwallafa wa rai, wadda takan dushe har ta ɓace, ta yi watanni, sannan ta dawo kamar ba ita ba. Yakan rubuta ƙarfin haskenta ya aika wa wasu masu irin wannan haukan a Ingila. Kyari kuwa ba ya buƙatar bututu. Kallo ɗaya zai yi ya ce yau ta fi ta hagunta, ba ta kai ta ƙasanta ba, sannan ya tambayi Ambrose ko Turawan sun san cewa idon Fagge suke karantawa.

To, a azumin shekarar nan da tauraruwa mai wutsiya ta fito, gari ya rikice. Bayan shan ruwa sai a gan ta arewa maso yamma, ga wutsiya a baya, ga wani tsini a gaba kamar mashi. Mata suna janye yara ɗaki. Tsofaffi suna cewa wani babba zai tafi, kowa na ƙirga manyan da ya sani a zuci. Ambrose shi ba tsoro ya kama shi ba, kwaɗayi ne. So yake ya ɗauki hotonta a gilashin da ake saka wa akwatin hoto.

Aikin ba irin na ɗaukar amarya da ango ba ne. Sama ba tsaye take ba, juyawa take yi a hankali, kuma hasken tauraruwa kaɗan ne, sai an bar akwatin hoton a buɗe gwargwadon tafiya daga Fagge zuwa Kasuwar Kurmi a ƙafa. Duk tsawon wannan sai wani ya kafa ido a bututun, inda aka gicciya zaren gizo-gizo biyu, ya riƙe kan tauraruwar daidai mahaɗar zaren, yana murɗa wani ɗan hannu na tagulla kaɗan-kaɗan. In ta kuɓuce, gilashi ya lalace. Hannun Ambrose kuwa tun zazzaɓin Bama rawa yake yi.

Kyari ya ce a ba shi. Ya ce mutumin da ya riƙe bindiga a cikin laka har gari ya waye ba ɗan tagulla ne zai gagare shi ba. Da ya sha ruwa ya yi magariba sai ya tsallaka Sabon Gari, ya durƙusa, ya manna idonsa na dama. Hawaye na bin ramukan fuskarsa bai ƙifta ba sai dole. Haka suka yi ta yi har goman ƙarshe ta kusa ƙarewa. Hoton da ya fito, Ambrose ya kafa shi a tagar shago, mutane har daga Bompai suna zuwa kallo. Kyari ya cika Fagge da cewa shi ya kama ta, da hannunsa, abin da ke sa mazaje fitsarin tsaye.

Aka ga wata, shi ya gani kamar kullum. Aka yi salla. Tauraruwar ta yi ta ƙanƙancewa har ta tafi, gari ya manta.

Kyari dai bai daina ganinta ba.

Da fari a sama take, bayan magariba, fara, doguwa, da ɗan lanƙwasa. Sai ya fara ganinta a farin bangon masallaci da hantsi. Sai a cikin ƙwaryar nono. Bai gaya wa kowa a Fagge ba. Ambrose kaɗai ya je ya samu, ya ce ba tafiya ta yi ba, wuri ta sake, idon talakawa ne ba ya kaiwa. Ambrose ya leƙa ya leƙa bai ga komai ba, amma da yake ya saba Saje na riga shi, sai ya saka gilashi. Kyari ya riƙe ta daidai mahaɗar zare, ko gezau. Da aka wanke gilashin a ɗakin jar fitila, babu ita, taurarin da ke wurin kuwa duk sun ja layi kamar an karce su da ƙaya. Suka sake. Haka. Ambrose ya ce wataƙila haskenta ne ya yi rauni. Matarsa Philomena, wadda take aikin taimako a asibitin ido na mishan, da ta kawo wa Kyari ruwa sai da ta dube shi fiye da yadda mace ke duban baƙo.

Ana nan sai wata safiya ya tsaya sayen ƙosai wajen Kaka, tsohuwar da ke soyawa a bakin lungunsu. Ta ɗago kai tana yi masa tsiya a kan ya cika son gyara, sai ya ga abin ya kwanta a fuskarta, daga kunne zuwa haɓa, fari, kamar ƙyallen da ake ɗaure wa mamaci baki da shi. Kafin Juma'a ta zagayo aka kai Kaka makwancinta. Tsohuwa ce, tari ya daɗe yana cinta, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma daga ranar Kyari ya daina kallon fuskar mutum. Yana cin tuwo kansa a ƙasa. In zai yi wa matarsa Yagana magana sai ya juya wa bango. Ta tambaye shi laifin da ta yi, ya ce babu, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. A bakin sito kuma, in ya zauna shi kaɗai, sai fuskokin waɗanda suka bari a Bama su riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, kowa da farin ƙyallensa, waɗanda a lokacin ko ƙyallen ba su samu ba.

Da damina ta yi tsakiya, wata yamma aka ɗauke ruwa, sama ta washe, sai gari ya ɗauki kururuwa. Wata mai wutsiyar ce ta sake fitowa, ta biyu a shekara ɗaya. Fagge duk tana kan soro. Kyari ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Ya tattare riga ya keta taɓo har Sabon Gari, ya tarar Ambrose ya riga ya saita bututu, ya sa gilashi, yana jiran hannu.

"Mai Ido Huɗu, me na gaya maka? Sai yanzu idonku ya iso inda nawa ya kwana." Ya miƙa yatsa. "Ga ta can, tun salla take nan."

Ambrose ya bi yatsan da kallo. Ya dubi inda bakin bututun ya nufa. Tsakaninsu akwai tazarar rabin unguwa. Sai ya matsa ya ba shi wuri. Kyari ya durƙusa, ya manna ido, ya ce wa ya saita wannan, makaho ne? Ya kama bututun ya karkatar da shi gefe, can inda ba komai sai baƙin sama, ya ce yauwa, a buɗe akwatin.

Ba a buɗe ba. Philomena ce ta yi magana daga bakin ƙofa, da Hausarta ta Sabon Gari.

"Baba, sa hannu ka rufe idon dama."

Ya yi dariya ya ce shi ba yaron makaranta ba ne, kuma mijinta ya ja mata kunne. Ba wanda ya taya shi dariyar. Kwaɗi na ta kuka a kwatar bayan gida. Tun watanni ya san da wannan gwajin, ba sai an koya wa tsohon soja ba, hannun ne ya ƙi ɗaguwa. Yau ya ɗagu.

Tasa ta ɓace. Can nesa da inda yake kallo, ga wata 'yar dusu-dusu a rataye, ƙarama, ba ta kai rabin tasa kyau ba. Wannan ce gari ke yi wa kururuwa. Ya sauke hannu, tasa ta dawo, ta zauna duk inda ya kai idonsa.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tambayi Ambrose, ba tare da ya juyo ba, ko ido ma yakan yi irin na jar tauraruwar nan, ya dushe ya dawo.

"Ban sani ba, Saje," in ji Ambrose. "Gobe Philomena ta kai ka wurin likita."

Ya ce to. Washegari ya zo har bakin asibitin, ya hangi layin masu sanduna a gindin bango, a kan hanyar da mutanen Fagge ke bi zuwa kasuwa. Ya tsaya kamar mai jiran wani, ya gaisa da wani mai kura da ya san shi, ya juya gida. Ya aika wa Ambrose cewa maganar ta tsaya a bayan shago. Ambrose ya riƙe masa. Watannin da suka biyo baya Kyari ya riƙa hawa soron liman yana lumshe na dama a ɓoye, yana lallaɓawa da na hagu, in abin ya gagara ya ce gajimare ne. Watannin ba na azumi ba ne, ba wanda ya matsa. Kafin sanyi ya wuce, tauraruwar tasa ta sami 'yar'uwa a idon hagun, siririya, ita ma da lanƙwasarta.

Sha'aban ya kai ashirin da tara. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Lungun Malam Sammani ya cika har bakin titi, mata na leƙe ta katanga, masu sayar da gero da ƙanƙara suna jiran su ji ko gobe ne. Kyari ya hau tsani, liman na bayansa yana haki. Ya fuskanci yamma, inda ja ke komawa toka-toka.

Ga shi nan. Siriri, fari, a lanƙwashe, daidai wurin da wata ya kamata ya tsaya. Da a bara ne da tuni ya yi kabbara.

Ya kawar da idonsa kaɗan zuwa dama. Abin ya biyo shi. Ya mayar hagu, ya biyo shi. A wurin da ya bari kamar akwai wani abu da ya rage, kamar kuma babu, da ya koma ya duba sai tasa ta riga shi zuwa ta rufe wurin. Ya sake, ya sake. Liman ya matso har yana jin ƙanshin turarensa, ya ce Malam Kyari, jama'a na jira. Kalma ɗaya ce. In ya faɗe ta, alƙali ba zai tambaya sau biyu ba, kuma in ƙarya ce ba mai ganewa sai ƙarshen wata, ko ma har abada. Ƙasa ta yi tsit, dubban baki na jiran nasa kafin su rufe.

"Liman," ya ce, "a hau da wani. Idon nan ya tafi."

Liman ya ɗauka wasa ne irin nasa, har ya fara murmushi. Kyari ya juya ya lalubi kan tsanin da ƙafa, ya sauka a hankali yana riƙe da bango, abin da ba a taɓa gani ba. Mutane suka dare masa hanya. Wani tela ya tare shi ya ce lafiya, Malam Kyari, me ya faru?

Ya ce ba komai. Ya ce duk Kano, birni da waje, mutum nawa suka kalli mai wutsiyar nan, amma shi ta zaɓa ta biyo, tela ya je ya tambaya ko an taɓa yi wa wani haka. Ya wuce kansa a sunkuye don kada ta sauka a fuskar kowa. A bayansa an fara gardamar wanda zai hau. Tana gabansa a ƙasa, fara, tana tafiya daidai tafiyarsa, har ƙofar gida, inda ya ji motsin Yagana a tsakar gida tana tambayar yara ko an gani.