Abin da Hula ta Rufe

Shayin na kwarara a kan tabarma, kofin kuma yana gefe a bushe. Gabdo bai ko lura ba, sai ƙara karkata butar yake yi. Dijatu ta tsaya da farantin ƙosai a hannu tana kallon mijinta.

"Malam, yau tabarmar ce ke jin ƙishirwa?"

Ya duba ƙasa, ya dubo ta. "Ke kika matsar da kofin. Tun kina amarya kike min wannan muguntar, 'yar Mugulbu."

Suka yi dariya tare, amma tata ba ta kai ciki ba. Gabdo dillali ne a tike, kasuwar shanu ta Mubi, mutumin da zai hango saniya daga nesa ya faɗa maka shekarunta. 'Yan makonnin nan kuwa ya zama wani daban. Ciwon kai ba ya sakinsa, barci yake da rana tsaka, ƙafarsa ta hagu sai jan ta yake. Sau biyu ya ɓace tsakanin masallaci da gida, a unguwar Yelwa da ya shekara talatin a cikinta. Ranar Juma'a fitsari ya kuɓuce masa a sahu. Kafin la'asar labari ya gama unguwa.

* * *

Ƙaninsa Mahmoud ne ya zo da mai magani daga wani ƙauye gaba da garin Uba. Mutumin ya buɗe idon Gabdo da yatsa, ya shinshina tafin hannunsa, ya girgiza kai.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne. A ciki aka ba shi. Ku binciki hannun da ke zuba masa abinci."

Babu wanda ya ambaci suna, amma duk idanun da ke zauren suka juya wajen ƙofar da Dijatu ke tsaye.

"Adda," in ji Mahmoud, yadda ya saba kiranta da Fillanci, yana kallon ƙasa, "daga yau kada ki ƙara dafa masa ko ruwan zafi. Ɗakinsa ma ki bar shiga. Gobe zan kai shi wajen malamin nan ya zauna har ya warke. Ke kuma ki je garinku Mugulbu ki huta."

"Ni? Ni zan cuce shi, Mahmoud? Da bakinka?"

"Ban ce ke ba ce. Amma mutane sun san ɗa namiji babu, gidan nan kuwa babba ne, suna cewa so kike ki mallake shi."

Dijatu ta san wajen da za a kai shi. Ta taɓa raka wata maƙwabciya can, ta ga dattawa ɗaure da mari a gindin bishiya ana yi musu hayaƙi. Ta tuna Gabdo, wanda ko rigar da ba a goge ba ba ya yarda ya fita da ita.

* * *

Washegari da hantsi Mahmoud ya fita neman mota. Dijatu ta jira ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta ɗauki reza da sabulu ta shiga ɗakin da aka hana ta. Tun ranar da wanzami ya taɓa yanke masa kunne, Gabdo ya rantse babu mai yi masa aski sai ita. Kwanan nan ne ya riƙa ƙi, wai sanyi yake ji, har barci da hula yake yi. Idan ɗauke shi za a yi, ba za ta bari ya tafi da suma buya-buya ba.

"Kawo kan nan, tsoho."

Ya kai hannu zai riƙe hular, hannun ya kasa. Ta zare ta. Saman kunnensa na dama, cikin furfura, akwai tabo mai tsawon ɗan yatsa, ya warke a karkace.

"Inna lillahi! Malam, mene ne wannan?"

Ya daɗe yana neman maganar. Sai ya yi murmushin yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Bijimin nan ne... baƙin. Muna lodi ya maka ni da ƙarfen mota." Ya kama bakin zanenta. "Kada ki faɗa, Dija. A ce Bafulatani, sa ya kayar da shi? Yaran tike ba za su bar ni in sha ruwa ba."

"To su kashe ka da dariya mana, ai ya fi a kashe ka da hayaƙi!"

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta tsallaka gidan Elkana, maƙwabcinsu mai keke napep, ta same shi yana wanke ta.

"Elkana, ɗana, taimake ni. Asibiti, yanzu."

Ya dubi fuskarta, ya jefar da tsumman. "Mama, ba sai kin faɗa sau biyu ba. Baba Gabdo ne ya tsaya min aka ba ni keken nan."

Su biyu suka cicciɓo shi. Matan layi na leƙe ta katanga, wata ta ce, "Ga ta nan za ta ƙarasa shi." Dijatu ta ji, ba ta waiwaya ba.

A asibitin gari likita ya haska idon Gabdo da 'yar fitila, ya taɓa tabon, ya ce sai Yola, inda ake hoton ƙwaƙwalwa, kuma kada a kwana. Suna kan hanya a motar haya, an wuce Hong, wayarta ta yi ƙara.

"Adda, kin sace min ɗan'uwa," in ji Mahmoud. "Wallahi idan ya mutu a hannunki, kin san sunan da za a kira ki har ki shiga kabari."

Ta kashe wayar. Gabdo na kwance a cinyarta, numfashinsa ya yi nauyi. Ta riƙa shafa kansa tana zaginsa a hankali, mai taurin kai, mai girman kan banza, don kada ta yi kuka.

* * *

'Yarsu Halimat, da ke aure a Jimeta, ta tare su a ƙofar babban asibiti. Bayan hoto, likitan tiyatar kai ya ɗaga hoton ya nuna wa Dijatu wani farin lanƙwasa kamar jinjirin wata.

"Mama, wannan jini ne. Tun da ya bugu yake ɗiga a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, yana danne ta. Shi ya kashe ƙafar, shi ya rikita tunanin. Za mu huda ƙaramin rami mu fitar da shi."

"Ku huda kansa?"

"Eh. Idan aka bar shi, ba zai daɗe ba. Dattawa irinsa da yawa ba sa isowa nan, Mama. Wani wuri ake kai su."

Ta ce a yi. Ta zauna a benci da carbi, ba ta iya tuna abin da take ja ba.

Washegari da rana ya buɗe ido. Ya kalli rufi, ya kalli robar da ke fitowa daga bandejin kansa, sannan ya kalle ta. Ya motsa yatsun ƙafarsa ta hagu ƙarƙashin zanen gado.

"Dija," ya ce da dusasshiyar murya, "wa ya yi min wannan askin? Rabin kai?"

Ta kifa fuska a gefen gadon, kafaɗunta na girgiza. Halimat ta kasa gane dariya take ko kuka.

* * *

Ya dawo Yelwa da ƙafarsa, yana dogara sanda. Mahmoud ya zo, ya rungume wansa ya yi hawaye na gaskiya. A zaure kuwa ya riƙa faɗa wa masu barka cewa malamin nan ne ya karya abin daga nesa, likita ya tarar da aiki a gama. Gabdo ya cire hula a gaban kowa, ya nuna ɗinkin, ya ba da labarin baƙin bijimi tun daga farko. Aka yi dariya, aka ce Allah Ya ƙara sauƙi. Wani ya raɗa wa na kusa da shi, "To, wa ya tura bijimin?"

Dijatu ta soya masar sadaka, ta zuba miyar taushe, ta aika gida-gida don godiya ga Allah. Kafin azahar kwanukan suka fara dawowa. Na gidan Elkana ne kawai ya dawo a wanke. Sauran ko murfi ba a ɗaga ba.

Ta jera su a tsakar gida ta zauna tana kallonsu.

Gabdo ya fito daga ɗaki. Ya ja tabarma har ƙofar gida, bakin titi, ya dawo ya kwashi kwanukan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗingishi. Ya zauna, kai a buɗe, ya buɗe na farko.

"Malam, za ka ƙware. Na gida bakwai ne."

"Kawo min ruwa ki zauna nan kusa da ni."

Ta zauna. Masu wucewa na gaishe shi, suna kawar da kai daga gare ta. Shi kuwa ya ci gaba da gutsurar masar da ta yi sanyi, yana tsomawa a miya, yana taunawa a hankali.