Saƙon Rasuwar Buba

Ashiru mai hoton biki ne a Birnin Kudu, kuma hannunsa ya fi tunaninsa sauri. Da ya tarar da motar riɗi ta banke wani mai babur a kusa da Kiyako, kafin ya gama salati har ya ɗauki hoton fuskar mamacin ya tura zauren WhatsApp na gari: "Ko akwai wanda ya san shi?" A ganinsa taimako ya yi.

An san shi kuwa. Ba a yi rabin awa ba sai ga kawun mamacin, Malam Sada.

"Kai ne ka ɗauka? Buba ne, ɗan yayata Hadijatu. Tana Farin Dutse, ba ta sani ba. Haka ake gaya wa uwa mutuwa?"

Ashiru ya goge hoton nan take, amma magana zarar bunu ce, ya riga ya shiga wayoyin da ba su ƙirguwa. Abu ɗaya ya rage: su riga hoton isa. Saƙon mutuwa da ƙafa ake kai shi, babba ya zauna, a fara da "jikin ya yi tsanani", a bar zuciya ta shirya. Malam Sada ya haye bayan babur ɗin Ashiru, suka miƙi hanyar Gwaram.

Tsoro ya cika Ashiru. Wayarsa sai kaɗawa take a aljihu. Duk wanda suka wuce a bakin hanya da kai sunkuye kan waya, gani yake fuskar Buba yake kallo. Malam Sada sai cewa yake, "Ƙara wuta."

Da suka isa, gidan shiru, ba kuka. Ashiru ya yi ajiyar zuciya. Hadijatu na zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi shanu da damina.

"Adda," in ji Malam Sada, "dama Buba ne ya ɗan samu tsautsayi a hanya, jikin kuma ya yi..."

"Kada ka wahalar da bakinka, Sada. Matarsa ta gani a waya, ta miƙo min kafin ta faɗi."

Ba ta daina ɓarar ba. Buba ɗan fari ne, shekara talatin ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. In ya shigo gaishe ta, gefe take kallo, kamar yadda uwarta ta yi wa nata.

"Ban taɓa ƙare wa yaron nan kallo ba sai yau," ta ce. "Ashe kamannin babansa ya ɗauko."

Sai ta ɗago ta dubi baƙon da ke durƙushe, kyamara rataye a wuyansa.

"Kai kana wurin?"

"Ina wurin, Inna."

"To wanda ya ɗauka, ba shi da ɗaya hannun ne? Bakinsa a buɗe, ga ƙasa a ciki. Da ya share masa tukuna."

Ashiru ya dubi hannayensa. Ba ƙura ko kaɗan a jikinsu.