Keken Idirisu a Masussukar Tirmini

Shekarar da fari ya ci Damagaram, ta tamanin da huɗu, kowa na neman abin sawa a baki, Idirisu kuwa na neman yadda zai tsaya a kan tayar gaba ta keke. Falanto ne a wani biro, wato ofis, a Zindar, magidanci har da gemu, aikinsa kai takardu daga ƙofa zuwa ƙofa. Wani Anasara mai haƙa rijiyoyi, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa guntun keken ɗansa, irin wanda suke kira BMX, haɗe da mujalla cike da hotunan samari suna juyi a kansa a wuri guda. Tun daga ranar Idirisu ya bar zaman majalisa. La'asar na yi sai ya nufi daɓen siminti na bayan biro, ya yi ta katantanwa, ya faɗi, ya kakkaɓe wando, ya sake hawa.

Abin da ya dame shi faifan kaca ne, wannan mai haƙora da ke jikin feda. Keken ya zo da ƙaramin faifai, mai sauƙin takawa, daidai wasa. Amma in ya hau titi da shi, ƙafafunsa su yi ta gudu kamar na tela a bakin salla, jakunan masu itace suna wuce shi.

Ya kai kuka wurin Kyari, mai gyaran kekuna a Zango, mutumin da bai taɓa cewa bai iya ba. Kyari ya sa masa babban faifai. Keke ya miƙe a titi kamar iska. Da la'asar Idirisu ya ɗaga tayar baya, ya nemi ya taka kaɗan ya gyara tsayuwa, feda ta ƙi motsi, haɓarsa ta gaisa da siminti. Aka mayar da ƙarami. Aka sake sa babba.

"Idirisu," in ji Kyari, "kana son jaki ya yi maka sukuwa, doki kuma ya ɗaukar maka mangala. Zaɓi ɗaya."

"Nemo mini na tsakiya."

Kyari ya tono wani a cikin tarkace, ya rage kaca, ya ɗaure. A titi ba ya gudu, a wasa ba ya sauƙi, amma Idirisu ya ce shi ke nan, an gano gaskiya.

A makon ne matarsa Lubabatu ta kife masa kwano a gabansa, ko tsaba ba ta faɗo ba.

"Maigida, ka je Tirmini wurin Inna. Ka gaishe ta, ka sunkuyar da kai, ko tiya biyu ta gero ce ka samo mana. Kuma don girman Allah, kada ka yi musu wannan rawar taka a can."

Ya ce haba, ai shi ba yaro ba ne.

Ya bi gudro, hanyar kwalta, da safe, gwiwoyinsa na dukan ƙirjinsa, ya isa jiƙe sharkaf. Gari tsit. Rumbuna a buɗe, maza na kwance a gindin gawo, ba mai ƙarfin doguwar gaisuwa. Ya durƙusa a ƙofar surukarsa Inna Tani, suka gaisa cikin kunya, ta ce ya sha iska tukuna kafin a yi magana.

Shan iskar ne ya kai shi masussukar gari. Bana ba a sussuka komai a kanta ba, tana nan a share, ƙasa ta daskare sumul, ta fi daɓen biro kyau nesa ba kusa ba. Idirisu ya duba hagu, ya duba dama. Ya ce sau ɗaya kawai.

Wallahi bai taɓa yin irinta ba. Ya danne birki, tayar baya ta tashi, ya juya, ya sake juyawa, ya tsallaka ƙafa ta kan kan keke, ya sauko daram. Faifan tsakiya ya ba shi abin da yake so. Da ya ɗago kai sai ya ga rabin gari na kewaye da shi. Ba wanda ya tafa. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi ko iskoki ne, aka ce a'a, mijin Lubabatu ne.

Inna Tani ta gani ta kafar zana. Da ya dawo ya durƙusa, bai kai ga buɗe baki ba ta riga shi.

"Alhamdu lillahi, ɗan nan, hankalina ya kwanta. Da ina ta tunanin 'yata. Mu nan in mutum zai je rijiya sai ya yi shawara da ƙafafunsa, kai kuwa ga ƙarfi har ka rasa inda za ka kai shi, kana zubar da shi a wuri ɗaya. Gidan da ake wannan juyi, ana ɗora tukunya. Ga gwaggon matarka Balki nan da jikokinta, ka tafi da su su ɗan farfaɗo."

"Inna, ai dama..."

"Allah ya yi maka albarka."

Ina suruki zai ce a'a? Ya ce amin.

Haka suka kamo hanyar birni a ƙasa, Gwaggo Balki a gaba, jikoki a baya, Idirisu na tura keke da ƙunshin tsummoki da tukunya ɗaure a sirdi. Da Lubabatu ta gan su a ƙofa, ta yi wa gwaggonta maraba da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Sai da ta zo wucewa ta kusa da shi ta ce a hankali, "Sannu da rawa."

Gwaggo Balki ba ta koma ba sai da damina ta gaba ta zauna sosai. Kuma mace ce mai alfahari da surukinta. Duk baƙon da ya shigo daga Tirmini, sai ta ƙwala kira: "Ɗan nan, fito da keken ka juya masa ya gani!" Idirisu ya fito ya juya a tsakar gida, cikinsa na ƙugi. Baƙo ya gyaɗa kai, ya ce lallai an gaya musu, sannan ya gyara zama ya jira tuwo.