Rigar Baba Ireti

Da ƙyar Iya Ireti ta ƙwato gwaggwaronta daga ƙofar motar hayar da ake kira danfo, ta dira gaban zauren taron tana huci. Tun daga Mushin take jero wa ɗanta Ayoade zagi a zuci. Da safen nan ta buɗe akwatin marigayi mijinta, Baba Ireti, don ta shanya babbar rigarsa ta saƙi, wadda Ayoade zai sa ranar auren yayarsa Ireti, ya tsaya a madadin ubansu. Ba ta tarar da komai ba sai ƙwayoyin kafur. Ireti ce ta tona asiri, ta ce rigar tana can wajen taron masu labaran zane, inda manya da gemunsu ke shigar dodanni.

A bakin ƙofa wani ƙato mai koren jiki da ƙaho ɗaya a goshi ya taso mata.

"Jinin Yesu!" Ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Sannu da zuwa, Mami," in ji dodon, har da rusunawa. "Tikiti a can ake yanka."

Ta biya, ta shiga, sai bakinta ya ƙi rufuwa. Ga 'yan mata da gashi shuɗi har gadon baya, ga wani da fukafukai yana cin shinkafa a tsaye, ga wani dattijo mai furfura, sa'an fastonsu, yana yawo da takobin roba. Ita da ta ɗauka ta gama ganin haukan Legas a kasuwar Balogun, ashe ko rabi ba ta gani ba. Ta cire silifa ɗaya ta riƙe, saboda aikin da ya kawo ta.

Nan take wasu 'yan mata masu kunnen kyanwa suka yi mata zobe da wayoyi.

"Anti, shigar nan ta yi! Wace jaruma ce?"

"Jarumar uwarki ce."

"Kun ji ko? Har maganar ta iya! Ga silifa ma a hannu. Anti, wallahi ki shiga gasa."

Ta ture su ta nufi inda ake ihu. A kan dandamali mai gabatarwa yana sanar da na gaba: jarumi ne sabo, mai shigar ne ya ƙirƙiro shi da kansa, direban jirgin da ke jigila tsakanin taurari, wanda bai taɓa barin fasinja a hanya ba.

Rigar ta fara gani. An datse hannu ɗaya daga kafaɗa, an maƙala wani hannun ƙarfe na ƙarya a wurin. An bi aikin wuyan da ƙananan fitilu suna walƙiya. Rigar da ko wanki ba ta yarda wani ya yi mata ba! Idonta ya rufe, ta kutsa cikin mutane.

Sai mai rigar ya juyo, ta tsaya cak.

Tsaga ce uku-uku a kumatunsa, irin ta mutanen Oyo. Ayoade ba shi da tsaga. Ita da kanta ta yi rigima da dangin miji, ta hana a sa masa aska. Wannan kuwa ga ta nan ɓaro-ɓaro, ta hagu ta ɗan karkace kamar yadda ta ubansa take. Ya taka yana jan ƙafa ɗaya, yadda Baba Ireti ya koma yi bayan haɗarin da ya yi da danfonsa. Ya ɗaga hannu ya daki iska sau biyu, irin dukan da marigayin ke yi wa jikin mota idan ta cika. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, har ta ji sanyi a tafin ƙafarta da ba takalmi.

Ba ta san lokacin da ta hau dandamalin ba.

Ayoade na ganinta ya zube rub-da-ciki, kamar yadda aka koya masa gaida manya tun yana ƙarami. Hannun ƙarfen ya ɓalle ya gangara ƙasa, ashe soso ne aka fenta. Zauren ya ɗauki sowa, sun zaci wasan ke nan.

"Ba shi, Mama! Sauke masa!"

"Mami, don Allah," in ji shi daga ƙasa. "Da na tambaye ki ba za ki ba ni ba."

"Shi ya sa ka sa mata almakashi? Me za ka sa ranar auren? Me zan ce wa baffanninka?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba!"

"Kullum tana cikin akwati, Mami. Ni har na fara manta yadda yake tafiya."

Silifar na nan a sama. Ta dubi hannun rigar da aka datse, wanda duk telolin Mushin ba mai iya mayar da shi. Ta dubi tsagar, gumi ya fara narkar da ita tana gangarowa baƙi-baƙi.

"Tashi," ta ce.

Ya miƙe yana kare kai. Ta jefar da silifar, ta zura ƙafa. Ta kama hularsa ta saƙi, ta karya ta zuwa gefen kunne, ta danna da yatsa biyu.

"Ubanka bai taɓa sa hula a miƙe kamar ɗan sanda ba. Kuma ƙafar hagu yake ja, ba dama ba, shashasha."

Ta sauka ta sami kujera a layin gaba, kusa da koren dodon nan, ta ɗora jaka a cinya.

"Ka ce musu ya sake daga farko," ta ce wa dodon. "Ban gani da kyau ba."